Ƙoƙon Bara a Ƙasar Tailan: Abin da Wani Malamin Gona na Suleja Ya Gano

A unguwar Magajiya cikin garin Suleja akwai wani dattijo, tsohon malamin gona, wanda ya yi shekara da shekaru yana yawo ƙauye ƙauye a Jihar Neja yana koya wa manoma dashen shinkafa da zuba taki. Mutum ne mai tsantseni a kan addininsa, ba ya wasa da sahun farko, kuma duk unguwar an san ba shi da yawan magana. Amma akwai labari guda wanda in aka taɓo masa shi sai ya gyara zama, watau labarin kwana biyun da ya yi a wani ƙauye na ƙasar Tailan, kusa da ɗakin ibadar masu bin addinin Buddha.

A cikin watan Nuwamba na 2018 aka tura shi wani ɗan gajeren kwas na noman shinkafa a can, tare da waɗansu malaman gona daga ƙasashen Afirka. Ba baƙon sunan ƙasar ba ne, domin ya daɗe yana ganinsa a jikin buhunan shinkafa a kasuwar Suleja. Ƙasa ce da a da ake kira Siyam, sai a 1939 aka canja mata suna. Fiye da kashi 90 cikin 100 na mutanenta addinin Buddha suke bi, Musulminta kuwa sun fi yawa a kudu, wajen Fatani da Yala da Naratiwat. Tun a filin jirgin sama na Bankok ya fara ganin abin mamaki, domin takardun da aka miƙa masa duk suna ɗauke da shekarar 2561. Da ya tambaya aka ce da shi ai lissafinsu ya girmi na Turawa da shekara 543, daga rasuwar Buddha suke ƙirgawa.

Bayan mako biyu a aji, sai aka kwashe su zuwa lardin Surin, a arewa maso gabashin ƙasar, inda ake noman shinkafar nan mai ƙanshi da suke kira Hom Mali. Ko da ya leƙa ta tagar mota sai ya ga kamar gida ya zo. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai jigawa, yawancin manomanta da ruwan sama suka dogara, sau ɗaya suke noma a shekara, in damina ta yi gardama kowa ya shiga uku. Lokacin kaka ne, ana ta girbi. Aka raba su ƙauyuka, shi aka haɗa shi da wani saurayi tafinta, Musulmi ɗan Fatani, wanda ya yi karatu a jami'a ya kuma iya Turanci.

Da suka isa ƙauyen da la'asar, sai dagacin ya ce kafin a yi kome sai an je an gai da babban ɗan zuhudu a "wat", watau ɗakin ibadarsu. Nan fa malamin gona ya ja ya tsaya. Ya dubi tafinta ya ce, "Ɗana, ni fa shinkafa na zo gani, ba gunki ba. Me zai kai ni gidan tsafi da furfurata?"

Saurayin ya yi murmushi ya ce, "Baba, ni ma salla nake yi. Ba wanda zai ce ka rusuna wa wani abu. Amma in shinkafar garin nan kake son gani, to a can take. Rumbunsu a can yake, makarantarsu a can take, har rijiyarsu."

Dattijon ya yi shiru yana nazari. Ya ƙudura a ransa cewa ba zai shiga ɗakin da gunkin yake ba, ba zai haɗa hannu ya sunkuya ba, ba kuwa zai ci abin da aka yi wa wani abin bauta hadaya da shi ba. Ya gaya wa tafinta haka, tafinta ya gaya wa dagaci, dagaci ya ce ba kome. A kan wannan sharaɗi ya bi su.

Abin da ya tarar ba shi ne ya zata ba. Ya ɗauka zai ga wani ɗaki guda mai duhu a bayan gari, sai ya ga fili ne makeke a tsakiyar ƙauye, da katanga gajeruwa da ƙofa a buɗe. Ɗakin da mutum-mutumin Buddha yake ciki, mai rufi ja da ado ruwan zinari, ɗaya ne kawai daga cikin gine-ginen wurin, a rufe ma yake. Sauran duk na hidimar jama'a ne. Akwai wata babbar rumfa ta katako wadda ba ta da bango, inda ya ga tsofaffin mata suna saƙar tabarma, wata ma'aikaciyar lafiya kuma tana auna musu jini. Akwai makarantar firamare a gefe, yara suna buga ƙwallo. Akwai manyan randunan tara ruwan sama, da wani ɗaki cike da tukwane da kwanuka da kujeru, waɗanda duk mai biki ko mai rasuwa yake zuwa ya ara ya mayar. A can ƙurya kuma akwai wani gini mai dogon bututu, aka ce masa nan ake ƙona gawa, domin su ba binnewa suka saba yi ba. Ya kau da kai ya nemi tsari, ya kuma gode wa Allah da ya yi shi Musulmi. Amma ya lura da abu guda, watau daga haihuwa har mutuwa ba wani sha'ani na mutumin ƙauyen nan da ba ya biyowa ta wannan fili.

Babban ɗan zuhudun tsoho ne siriri, an aske kansa ƙwal har da gira, yana lulluɓe da mayafi ruwan goro. Mutane suna ce masa Luang Fo, ma'anarsa kusan Baba Mai Girma. Ya dubi baƙon ya tambayi tafinta daga ina yake. Da aka gaya masa, kuma aka ce Musulmi ne, bai ce a sunkuya masa ba. Abin da ya fara tambaya shi ne ko baƙon ya sami wurin yin ibadarsa. Ya sa wani yaro ya kawo buta da sabuwar tabarma, aka shimfiɗa a gindin wani mangwaro can nesa da ɗakin gunkin, wajen katangar makaranta. Malamin gona ya juya zai fuskanci gabas kamar yadda ya saba tun yana yaro, sai tafinta ya riƙo hannunsa ya juya shi wajen faɗuwar rana, domin daga Tailan Makka tana yamma. Dattijon yakan ce a wannan la'asar ce ya san lalle ya yi nisa da gida.

A gidan dagaci suka kwana. Aka ba shi shinkafa da kifi da ƙwai da ayaba, domin an gaya musu ba ya cin alade. Da asuba, bayan ya idar da salla yana zaune yana lazimi, sai ya ji motsi a waje. Ya leƙa. Gari bai gama wayewa ba, amma a ƙofar kowane gida ga mace ko tsoho ko yaro a tsaye da kwanon shinkafa mai zafi. Can sai ga 'yan zuhudu su biyar sun jero, babba a gaba ƙarami a baya, ba takalmi, kowa rungume da ƙoƙonsa, idanunsu a ƙasa. Ba wanda ya buɗe baki ya roƙa. In sun zo ƙofar gida sai su tsaya, mai gidan ya tuɓe takalminsa, ya zuba musu abincin, sa'an nan ya durƙusa. Su kuwa su yi masa 'yar addu'arsu su wuce. Ba su ce an gode ba. Matar dagaci, wadda ta tashi tun da duhu ta dafa, ita ce ta dawo fuskarta cike da murna kamar ita aka yi wa kyauta.

Malamin gona ya tambayi tafinta, "Wai wa ke bara a nan, wa kuma ke bayarwa?"

Tafinta ya bayyana masa cewa a wurinsu mai bayarwa shi ne mai cin riba, domin ya sami abin da suke ɗauka lada ne, ɗan zuhudu kuwa hanya kawai ya buɗe masa. Ya ƙara da cewa cikakken ɗan zuhudu yana ƙarƙashin dokoki 227. Daga cikinsu ba ya cin abinci bayan rana ta take tsaka, ba ya ajiye abincin yau don gobe, ba ya haƙa ƙasa balle ya yi noma, kuma bisa ƙa'ida ba ya riƙe kuɗi, sai dai wani amintacce daga cikin mutanen gari ya riƙe wa wurin. Saboda haka ba yadda za a yi ya rayu kwana biyu ba tare da ƙauyen ba. In mutane suka ga halinsa ya ɓaci, ba sai sun kai ƙara ko'ina ba, rufe tukunyarsu kawai za su yi. Abincin da aka tara kuwa ba su kaɗai ke ci ba. In sun ci nasu, sauran na yaran da ke zaune a wurin ne, marayu da 'ya'yan matalauta, da tsofaffin da ba su da kowa, da matafiyi, har karnuka.

A nan ne zuciyar dattijon ta koma Magajiya. Ya tuna shi ma ya riƙe ƙoƙo. Yana ɗan shekara takwas mahaifinsa ya kai shi makarantar allo, kuma a zamanin nan kowane almajiri yana da gidan da yake zuwa, yana da uwar ɗaki wadda ta san sunansa, take ajiye masa tuwonsa, in ba shi da lafiya ta aika a tambaya. Malam kuwa ana kai masa zakka da kaka, ana kai masa kuɗin Laraba, ana taya shi noma. Ya kuma tuna abin da ya baro a yanzu, yara cikin tsumma suna bin motoci a kan hanyar Kaduna, suna leƙa gidajen abinci ana korarsu, shi kansa ya sha daka musu tsawa a ƙofar gidansa in sun dame shi da rana. Ga ƙoƙo can, ga ƙoƙo nan, amma ɗaya ana durƙusa masa, ɗaya ana rufe masa ƙofa. Abin da ya fi ci masa rai shi ne, yaran da ake kora Littafin Allah suke ɗauke da shi a ƙirjinsu.

Da hantsi aka kai shi ya ga rumbun. Ɗaki ne na katako a kan dogayen ƙafafu, cike da shanshera, da wani littafi a rataye. Ma'ajin, wani manomi mai ɗingishi, ya yi masa bayani. A da, in abinci ya ƙare wa mutum da tsakiyar damina, sai ya je wurin mai kuɗi ko mai injin casa ya ci bashi, da kaka ya biya ninki, wani har gonarsa ta salwanta. Malamin gona ya ce wannan kam ba sai an fassara masa ba, ya ga irinsa a ƙauyukan Neja. To yanzu kowane gida yana kawo ɗan abin da ya sawwaƙa da kaka a zuba a rumbun wat, akwai kuma wata gona ta gayya da ake nomawa don rumbun. Wanda ya matsu ya zo ya ara, da kaka ya mayar da ɗan ƙari kaɗan. Gajiyayye kuwa kyauta ake ba shi. Aka ce masa ba su suka fara ba. A wannan lardi na Surin ɗin, wani ɗan zuhudu mai suna Luang Fo Nan, na Wat Samakki a ƙauyen Ta Sawang, ya yi suna tun cikin shekarun 1970 wajen kafa irin wannan rumbu da asusun taki don fid da manoma daga ƙangin bashi, daga nan abin ya yaɗu.

Dattijon ya tambaya me ya sa ba a ajiye rumbun a gidan dagaci ko ofishin hukuma ba. Ma'ajin ya yi dariya ya ce an gwada a waɗansu wurare, shinkafar ta yi ƙafa. Amma abin da aka ajiye a wat, ko ɓarawo yana jin nauyin taɓa shi, wanda ya ara kuma yana jin kunyar ya haɗa ido da Luang Fo kowace safiya bai biya ba.

Haka nan ya ji tarihin makarantar. Kafin zuwan makarantun zamani, a wat yara maza suke koyon karatu da rubutu a hannun 'yan zuhudu, kamar dai makarantar allo. Da Sarki Culalonkon, wanda ya yi mulki daga 1868 zuwa 1910, ya tashi kawo ilmin zamani, bai rushe wannan tsari ba, a kansa ya ɗora. Da aka yi dokar tilasta karatun firamare a 1921, makarantu da yawa a filin wat aka buɗe su, har yau kuwa da yawansu sunan wat suke amsawa. Malamin gona ya yi ajiyar zuciya, domin ya san a ƙasar Hausa boko da allo ba su haɗu haka ba, kowa hanyarsa ya kama, yaro ne ya faɗa tsakani.

Ya yi sa'a kuma zuwansa ya dace da wani biki nasu da ake kira Katin. 'Yan zuhudu sukan yi wata uku na damina ba sa kwana ko'ina sai a wat ɗinsu, to a cikin wata guda bayan fitarsu ne jama'a suke kawo musu sababbin mayafai da gudummawar gyaran wurin. Ya ga motoci sun zo daga Bankok cike da 'ya'yan ƙauyen masu aikin gini da tuƙin tasi da aikin masana'anta, kowa da abin da ya tara. Aka karanta abin da aka samu a bainar jama'a da lasifika, aka kuma faɗi abin da za a yi da shi, rufin makaranta da famfon ruwa. Ya ga ashe wurin nan shi ne igiyar da ta ɗaure wanda ya tafi birni da wanda ya zauna a gida.

Ba kome ne ya burge shi ba, kuma in yana ba da labarin ba ya ɓoye wannan. Ya ga masu sayar da layu a bakin ƙofa, ya ga masu zuwa neman lambar caca wurin wani ɗan zuhudu. Tafinta ya gaya masa jaridun ƙasar sukan kawo labarin waɗanda aka kama da cin kuɗin wat, ya kuma ce samari ba sa zama kamar da, waɗansu su yi mako guda kawai su tuɓe mayafin don su faranta wa iyaye rai. Ɗan Adam dai ɗan Adam ne ko'ina. Game da aƙidarsu kuwa, bai dawo da ko ƙwayar zarra ta shakka a kan tasa ba. Bai shiga ɗakin gunkin ba har ya baro. Da za su rabu da tsohon, ya dafa ƙirji ya yi masa godiya a kan tabarma da buta, tsohon ya gyaɗa kai, shi ke nan.

Da ya komo Suleja ya yi makonni abin yana cinsa. Yakan dubi masallacin unguwarsu, an sa masa tayil da fanka da lasifika huɗu, amma ana idar da salla ladan ya sa kwaɗo ya rufe, almajirai suna kwance a barandar kantin da ke kallonsa. Ran nan bayan sallar isha'i ya tsaya ya sami liman ya kwashe labarin duka ya gaya masa. Ya ce, "Allah gafarta Malam, ina jin tsoro kada a ce na je na kwaso al'adar masu bautar gumaka. Amma abin da na gani ya hana ni barci."

Liman ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Alhaji, ba nasu ka gano ba, namu ka gano a hannunsu. Masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a Madina ai ba wurin salla kaɗai ba ne. A nan ake karatu, a nan ake shawara, a nan ake karɓar baƙi, a jikinsa kuma akwai rumfar da matalautan sahabbai suke kwana, mutanen gari suna ciyar da su. Zakkar hatsi kuwa, ɗaya cikin goma ga noman ruwan sama, ɗaya cikin ashirin ga na ban ruwa mai wahala, wa ya rigaye mu da ita? Mu muka saki. Abu ɗaya kawai zan gyara maka, ɗan ƙarin nan da suke karɓa a kan bashin hatsi, mu ba ya halatta gare mu. Wanda ya ari mudu, mudu zai mayar."

Ba a sha da daɗi ba da aka kawo maganar gaban jama'a. Wani ya ce yaushe aka fara koyon addini a wurin masu ƙona gawa. Wani ya ce Magajiya ba ƙauye ba ce, rabin mutanen unguwar ma'aikatan Abuja ne masu haya, su fita da asuba su dawo da dare, ba wanda ya san wani. Wani kuma ya ce duk abin da aka tara wani zai cinye. Dattijon bai yi musu da kowa ba. Ya ce shi dai zai kawo mudu guda na shinkafa ko masara kowace Juma'a, wanda ya ga zai iya ya biyo shi. Aka share wani ɗan ɗaki a jikin masallaci, aka sa makulli biyu, ɗaya a hannun liman ɗaya a hannun wani tela da kowa ya yarda da shi, aka kuma ce duk ƙarshen wata za a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita bayan sallar magariba. Gida tara suka fara.

Abu na biyu da ya yi ya fi na farko wuya, domin a gidansa ne. Ya je wurin malamin makarantar allon da ke bayan layinsu ya ce a ba shi yara biyu su zama nasa. Ya gaya wa uwargidansa cewa daga yau a riƙa zuba tuwonsu tare da na 'ya'yan gida, ba kanzo ba, ba ragowa ba. Ta dube shi ta ce, "Malam, ai da ma haka iyayenmu suke yi." Ya ce ya sani, shi ya sa kunya ta kama shi.

Rumbun bai zama wani abin a zo a gani ba. Akwai watan da aka buɗe aka tarar da 'yan mudu kaɗan, akwai waɗanda suka ara suka tashi daga unguwar ba sallama. Amma a 2020, lokacin kullen annobar korona, sa'ad da gwamnonin Arewa suke ta kwasar almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu, yaran makarantar nan ba su kwana da yunwa ba, domin a lokacin yawancinsu sun riga sun sami gidaje. Haka kuma da abinci ya yi tsada bayan cire tallafin mai a 2023, waɗansu zawarawa da magidanta da ba za su iya buɗe baki su roƙa ba, da duhun dare suka riƙa zuwa wurin tela, ba wanda ya ji.

Dattijon ya yi ritaya, ƙafa ta fara gajiya, amma duk Juma'a ana ganinsa da ɗan ƙullinsa a hannu zai tafi masallaci. Ɗaya daga cikin yaran nan biyu ya sauke Alƙur'ani, yana koyon ɗinki a wurin telan, ɗayan kuma ya shiga sakandare. In samari suka tsokane shi suka ce, "Baba, ba mu labarin ƙasar masu gumaka," sai ya ce da su an tura shi ya koyo noman shinkafa, ya kuwa koyo, amma abin da ya fi amfana da shi a tafiyar nan shi ne wata mata da ya gani da asuba ta tuɓe takalminta kafin ta zuba wa mai ƙoƙo abinci. Daga nan sai ya tambaye su ko sun san sunan almajirin da ya yi sallama a ƙofar gidansu jiya.